Kafin Ka Taya Tsohon Tangaram

'Ya'yana, maza da mata, da wuya wata ya wuce ban sami saƙo daga wani matashi ta WhatsApp ba, ɗauke da hoton tsohon faranti mai zanen shuɗi, ko butar shayi mai ruwan zinare a baki, ko kwabo mai huji. Tambayar kuwa kullum guda ce: "Baba, nawa wannan zai yi?" Har yau ban sami wanda ya fara da tambayar wa ya yi abin, ko a wace ƙasa, ko a wane zamani ba. Wannan ne ya dame ni har na ɗauki alƙalami, domin wanda ya shiga harkar tsofaffin kaya ta ƙofar farashi, shi mayaudara ke jira a zaure.

Na san inda zumuɗin ya samo asali. Kun ji labarin ɗan farin kwanon nan na ƙasar Sin da wasu iyali suka saya dala 3 a Amurka a 2007, suka ajiye shi a falo suna kallo, sannan a 2013 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a Niyok kan fiye da dala miliyan 2. Kun ji na ɗan kofin nan mai zanen zakara da kaza da 'yan tsaki, na zamanin Sarki Chenghua wanda ya yi mulki daga 1465 zuwa 1487, da aka sallama wa attajiri Liu Yiqian a Honkon a 2014 kan kimanin dala miliyan 36. Duka gaskiya ne. Abin da mai ba ku labarin bai cika faɗa ba shi ne, irin wannan kofi na ainihi ba su kai 20 ba a duniya, yawancinsu kuma suna gidajen tarihi. Kwaikwayonsa kuwa an shafe ɗaruruwan shekaru ana yi. Har sarakunan Sin na baya sun sa an yi musu irinsa, kuma yau ɗin nan ana gasa wasu a tanderu. Idan ka ci karo da kofi mai zakara a shagon ɗan koli, ka san a wane tari ya fi dacewa ka sa shi.

To mene ne tangaram ɗin ma? Mu dai duk abin da ke fashewa mai ƙyalli tangaram muke ce masa, amma masu sana'ar sun rarrabe. Na ainihi da farar ƙasa ake yin sa, a haɗa da wani dutse da aka niƙa, a gasa da wuta mai zafin kusan 1,300 a ma'aunin Selshiyas, har ƙasar ta narke ta haɗe kamar gilashi. Shi ya sa idan ka ɗaga siririn faranti ka kara shi da hasken rana za ka ga inuwar yatsunka ta bayansa, idan kuma ka ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce sai ya yi amo mai tsawo kamar ƙararrawa. Wanda aka yi da yumɓu aka shafa masa ƙyalli kawai, haske ba ya ratsa shi, amonsa kuma gajere ne. Mutanen Sin sun riƙe sirrin wannan haɗi ƙarni da yawa, garin Jingdezhen da ke lardin Jiangxi shi ne cibiyarsa, kuma har gobe shi ne. Turawa sun daɗe suna saye da tsada ba su san yadda ake yi ba, sai wajen 1708 wani mai suna Böttger da abokin aikinsa suka gano haɗin a Jamus, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710, mai tambarin takubba biyu a gicciye. A Ingila kuma, wajen ƙarshen ƙarni na 18, Josiah Spode ya daidaita wani haɗi da ake zuba tokar ƙashin shanu a ciki, wanda ya ba da tangaram mai farin madara da sauƙin nauyi. Yawancin kofunan shayi masu furanni da iyayenmu suka jera a kabad, ko dai irin wannan ne, ko kwaikwayonsa daga Japan.

Abu na farko da mai ido yake yi idan an miƙo masa faranti shi ne ya kifa shi. Fuskar faranti an yi ta ne don ta burge, bayansa kuwa nan maginin ya bar sawunsa. A nan tambari yake, kuma tambari yana da tarihin da kowa zai iya koya a 'yan makonni. A 1890 Amurka ta yi dokar harajin kaya wadda ta tilasta rubuta sunan ƙasar da aka yi kowane abin da za a shigar mata, don haka daga 1891 masana'antu suka shiga buga sunan ƙasa. Farantin da aka rubuta masa "England" kaɗai galibi bayan wannan shekara aka yi shi, wanda aka rubuta wa "Made in England" kuwa na ƙarni na 20 ne. Kayan Japan sun ɗauki kalmar "Nippon" daga 1891 zuwa 1921, daga nan aka koma "Japan", sannan a 'yan shekarun da sojojin ƙawance suka mamaye ƙasar bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har zuwa 1952, aka riƙa rubuta "Occupied Japan". Sunan ƙasa ma kansa kalanda ne. Ƙasar da ake kira "Czechoslovakia" ta rayu ne daga 1918 zuwa ƙarshen 1992, "West Germany" kuwa daga 1949 zuwa 1990. Idan dillali ya rantse maka cewa butarsa ta shekara 200, ka kifa ta ka ga ɗaya daga cikin waɗannan sunaye, ciniki ya ƙare ba tare da musu ba. Haka idan ka ga an rubuta cewa ana iya saka abin a injin wanke kwanuka, to na zamani ne.

Sai dai kada tambarin ma ya ruɗe ka, musamman na Sin. Haruffa shida ko huɗu da ake rubutawa da shuɗi a ƙasan kwano suna faɗin daula da sunan zamanin sarki, na daular Ming da ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644, ko ta Qing da ta gaje ta. Amma maginan Sin sun saba rubuta sunan sarkin da ya shuɗe a kan sabon aiki, wani lokaci don girmama magabata, wani lokaci don cuta. Kwanukan da ke ɗauke da sunan Chenghua waɗanda aka yi bayan ya rasu sun ninka na zamaninsa nesa ba kusa ba. Takubban Meissen ma an sha kwaikwayonsu. Tambari shaida ɗaya ne, kuma ba a yanke hukunci da shaida ɗaya. Dole ƙasar da aka yi abin da ita, da launin shuɗinsa, da salon zanensa, da nauyinsa a hannu, duk su yarda da abin da tambarin ya faɗa.

Wannan darasi da kuɗina na saye shi. Ina matashin ma'aikaci, wani dillali ya ja ni lungu a kasuwa ya kwance tsumma, ya fito da tulun tangaram mai zanen shuɗi, ya yi duhu-duhu kamar ya sha hayaƙin shekaru. Ya ce daga gidan wani tsohon attajiri ya fito, wanda ya zo da shi daga aikin Hajji tun zamanin tafiyar ƙasa, kuma magada ne ke neman kuɗi da gaggawa, akwai wani Bature da zai zo da yamma. Na ba da rabin albashina na wata. Bayan kwana biyu na kai wa wani dattijo da ya daɗe yana harkar. Bai ce komai ba, ya sa aka kawo ruwan ɗumi da sabulu, ya goga auduga a gefe ɗaya. Audugar ta fito ja, tulun ya fito fari fat: ruwan shayi aka jiƙa shi da shi. Ya kifa shi ya sa na shafa da'irar da yake zama a kanta. Kaushi gare ta kamar jiya aka sauke ta daga wuta, alhali abin da ya shekara 100 ana ɗauka ana ajiyewa, wurin zamansa yakan yi sumul, ya cinye a inda yake taɓa ƙasa. Sannan ya miƙo mini gilashin ƙara girma. Zanen da na ɗauka aikin hannu ne ashe ɗige-ɗige ne a jere, irin na injin ɗab'i. Na yi baƙin ciki ƙwarai, domin kuɗin na cefanen gida ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da dattijon ya tambaye ni me na duba kafin in biya, na rasa amsa. Labarin na saya, tulun kuwa ko kallon kirki ban yi masa ba.

Ku lura da sassan wannan labari, don har yau da su ake aiki: gidan babban mutum da ba a ambaci sunansa ba, magada masu gaggawa, da wani mai saye da ke tafe. Duk ranar da ukun nan suka haɗu a bakin mai sayarwa, ka ce za ka je ka yi shawara. Abin kirki yana jure kwana ɗaya.

Bayan asali sai lafiyar abin. Tsaga siririya kamar gashi tana iya zubar da fiye da rabin darajar faranti, kuma ido ba ya cika ganinta, kunne ne ke kama ta, domin tsagaggen tangaram amonsa a dakushe yake. Bi bakin da yatsa a hankali ka ji ko ya ɓantare. Duba marikin kofi da hancin buta, nan aka fi yin ɗori. Wurin da aka liƙe aka shafe da fenti ba ya da sanyin gilashi, yakan yi ɗan laushi idan ka ja tsinin allura a kai, kuma ƙaramar tocila mai hasken shunayya, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, takan tona shi a ɗaki mai duhu. Murfin da ba na butar ba, da kofin da aka aura wa farantin wani, duk suna rage kuɗi. Idan kuma ka mallaka, kada ka dirje ruwan zinaren da toka ko soson ƙarfe, kuma kada ka zuba wa yara abinci mai tsami a tsohon faranti mai fenti a fuska, don wasu fentin na da akwai dalma a cikinsu.

Yanzu ga maganar da na fi so ta zauna muku: tsufa kaɗai ba ya sa abu tsada. A 1752 wani jirgin ruwan 'yan kasuwar Holan mai suna Geldermalsen ya nitse a tekun kudancin Sin. Da aka tsamo kayansa aka yi gwanjonsu a Amstadam a 1986, tangaram ɗin da ke ciki ya haura guda 100,000. Kowane ɗaya ya haura shekara 230 a lokacin, asalinsa ba shakka, amma saboda yawansu har yau mai matsakaicin hali yana iya sayen ɗan kofi daga ciki. Ku dawo gida ku dubi anini. Sarki Edward na Takwas bai cika shekara a gadon sarautar Ingila ba ya yi murabus a 1936, amma an riga an buga kwabo da anini masu huji da sunansa don ƙasashen Afirka ta Yamma. Jin wannan sai mutum ya ɗauka ya tsinci dami a kala, alhali miliyoyi aka buga, kuɗinsu kaɗan ne. Haka azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda fatake suka yi ciniki da ita a ƙasashenmu, maƙeran fari kuma suka riƙa narkarwa suna yin mundaye. Kusan duk wadda ka ɗauka za ka ga 1780 a jikinta, shekarar da sarauniyar ta rasu, domin an ci gaba da buga ta da wannan shekara har zamaninmu. Darajar yawancinsu ita ce nauyin azurfarsu. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin abu, da kyan aikinsa, da lafiyarsa, da sanin hannayen da ya bi, sannan a sami mutum biyu masu kuɗi da ke son sa a rana ɗaya.

Da yake kuna da waya a hannu, bincike ya yi muku sauƙin da mu ba mu samu ba. Amma ku bambanta kuɗin da mai kaya ya yanka da kuɗin da aka sallama. Kowa na iya ɗora hoton farantinsa a intanet ya rubuta miliyan 10, ya shekara ba wanda ya taya. Ku nemi sakamakon gwanjon da aka kammala, na abu iri ɗaya, girma ɗaya, lafiya ɗaya, ku duba da yawa, kada ku tsaya kan mafi tsada. Ku tuna kamfanin gwanjo yana cire la'adarsa daga mai sayarwa, ya kuma ɗora wa mai saye tasa, wadda takan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na farashin, ga kuɗin aikawa da haɗarin fashewa a hanya. Ko guduma ta sauka ma ba a gama ba: a 2010 an buga wani tulu na zamanin Sarki Qianlong a wani ƙaramin gidan gwanjo a gefen Landan kan fam miliyan 43, duniya ta ɗauka, amma wanda ya taya bai biya ba. Kuma kada ka nemi ƙimar kayanka a bakin wanda ke son sayensu.

Batun tsohon keken ɗinki da dutsen guga na gawayi da ake cewa akwai jar zaiba a cikinsu mai tsadar miliyoyi, ba zan ɓata muku lokaci a kai ba. Babu wannan sinadari. Jita-jitar ta taɓa tashi a Saudiyya a 2009 har mutane suka yi ta rububin kekunan Singer, ta lafa ba wanda ya ga komai. Wanda ya ce ka kawo kuɗin gwaji ko na rajista kafin a haɗa ka da mai saye, kuɗin gwajin shi ne kasuwancinsa.

Idan da gaske sha'awar abin kuke yi, ga inda zan so ku fara: ɗakin kakarku. Kafin zuwan kabad mai gilashi, amarya da jere ake gane gatanta, tasoshin tagulla na Bida, da ƙore masu zane, da akusa, daga baya fanteka da kwalla da samira da langa, wasu daga Honkon wasu daga Turai, an ɗora su bisa juna har kusa da rufi. Wannan jere asusun mace ne, idan gida ya shiga matsi ta zare ɗaya ta ba dillaliya. Yau ga shi muna sayar da su ga 'yan gwangwan a kan sikeli, kilo kaza naira kaza, a narkar da tasar da maƙeri ya kwana bakwai yana bugawa. Wannan yana ci mini rai fiye da duk jabun da ake sayarwa a kasuwa. Kofin sarkin Sin yana da dubban masana da ke tsaronsa. Tasar kakarka kuwa, in kai ba ka san ta ba, ba wanda zai sani.

Kuma kada ku raina aikin gida ta fuskar daraja. Ku ciro takardar naira 20 ku juya bayanta: matar da ke gina tukunya ita ce Ladi Kwali. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana ajiye tukwanenta a fada, a can wani mai suna Michael Cardew ya gan su, kuma a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Ayyukanta masu zanen kada da kifi da ƙadangare, ɗauke da haruffan LK a ƙasa, manyan gidajen gwanjo na Landan suna sayar da su, gidajen tarihi na duniya suna nema. Kofuna da farantan wannan cibiya sun shiga gidajen ma'aikata da yawa a Arewa a shekarun 1960 da 1970. Ya fi sauƙi ka tarar da ɗayansu a kabad ɗin wani tsohon malami a Kaduna ko Zariya, da ka tarar da kwanon daular Ming.

A nan akwai iyakar da ba na so ku tsallaka. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta Nijeriya, ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ga wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da su waje ba da takardar hukuma ba. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, da irinsu na yankunan Sakkwato da Katsina, da na Bura a Nijar, suna cikin jerin da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar a 2000 na kayan Afirka da ake wawushewa. Wanda ya haƙa ƙasa ya zaro irin wannan ya lalata shaidar da masana za su karanta, ko da bai fasa komai ba, domin zurfin da abin yake da abubuwan da ke kewaye da shi su ne ke faɗin shekarunsa. Idan an kawo maka, ka ce albarka, ka nuna wa mai shi hanyar gidan tarihi.

Haka nan ku ji tsoron Allah a kan tsofaffi. Ranar da idonka ya buɗe, za ka shiga ɗakin wata gwaggo ka ga abin da ka san ya yi dubu ɗari, ita kuwa za ta sallama maka a dubu biyu tana sa maka albarka. Ka faɗa mata abin da ka sani, sannan ku yi ciniki. Kayan mamaci kuwa gado ne, ko da cokali ne, ba a zare shi a ɓoye kafin a raba da sunan ai ba wanda ya damu da shi.

Ido ba ya buɗewa da kallon hoto kawai. Ku je Gidan Makama a Kano, ku je gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 ku ga tarin tukwanensa, na Nijar ku shiga na Yamai. Ku zaga Kasuwar Kurmi ku zauna wurin dattawan 'yan koli, ku gaishe su da ladabi, ku taɓa abu ɗari kafin ku sayi ɗaya. Ku zaɓi fanni guda ku dage a kansa, ko kofunan Japan, ko tasoshin Bida, ko kuɗin da aka yi amfani da su kafin zuwan naira a 1973, domin mai bin komai ba ya ƙwarewa a komai. Sayayyar farko ta zama da kuɗin da in sun tafi ba za a kwana da yunwa ba, kuma a karɓi rasit da ya faɗi abin da mai sayarwa ya ce abin yake.

Sannan ku sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi. Ranar Juma'a bayan an sauko, ka je wurin Hajiya Kaka ka zauna a tabarma, ka ce ta sauko maka da kwalla ɗaya daga saman jere. Ka tambaye ta wa ya saya mata, a wace kasuwa, nawa, shekarar wane sarki ko wace yunwa, me aka fara zubawa a ciki. Ka rubuta yadda ta faɗa, ka kifa kwallar ka kwafi tambarin, ka ɗauki hotonta riƙe da ita, ka sa kwanan wata. Mako mai zuwa ka koma a sauko da ta biyu.